Ranki Ya Daɗe, Uwar Talakawan Tarauni

A garin nan an karrama kowa. Ɗan kwangila ya sami sarauta, ɗan siyasa ya sami digirin girmamawa, an raɗa wa tituna sunayen mutanen da ko a mafarki ba su taɓa taka unguwar ba. Amma ke, Hajiya Taba Sigari, da kike kwana kike tashi da talakan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, har yau ba a sami mai kunya ɗaya da ya miƙe a bainar jama'a ya ce miki sannu da aiki ba. Butulcin ya isa haka. Yau zan sauke wa Kanawa wannan nauyi, in faɗi alherinki da babbar murya, don 'yan baya su san wadda ta raka iyayensu har bakin kabari.

Da farko dai ba ki da girman kai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, duk abin da talaka ya saba da shi ya ɗaga masa hanci. Shinkafa ta ƙaura, nama sai a gidan suna, ƙwai ya koma abin da likita ke rubutawa. Mai adaidaita kuwa, in ka ce masa Unguwa Uku zuwa Kwari, sai ya dube ka sama da ƙasa kafin ya faɗi kuɗi. Ke kina nan inda aka bar ki, a kowace kwana, kin yarda a raba ki kara-kara, don kada wani bawan Allah ya kwana bai same ki ba saboda rashin kuɗin kwali.

Mai shakka ya zo bayan magariba ya tsaya a bakin Court Road, ko a kwanar shiga kasuwar Tarauni, ya kalli mai tebur. Teburin ɗan ƙarami ne, an tokare ƙafarsa ɗaya da ɓallin bulo. Ga alewar Tom-Tom cikin roba, ga goro an lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ga reza da ashana da maganin sauro. Ke kina tsakiya, kwali huɗu ko biyar, kowanne an farke masa baki: Benson, Rothmans, London, Aspen, Oris. An ɗaure laita da zare a jikin ƙusa don kada wani ya yi gaba da ita. Lebura ya iso, siminti har a girarsa. Bai ce uffan ba, yatsa biyu kawai ya ɗaga. Kara ɗaya ya tafi baki, ɗaya ya tafi bayan kunne. "Malam, rubuta. Sai Asabar in an sallame mu." Aka jawo tsohon littafin makaranta aka ƙara layi a ƙarƙashin sunansa. A nuna mini bankin da ke kan titin Zariya ko Zoo Road da zai ba wannan mutum bashi ba jingina, ba mai tsaya masa, ba takardar albashi. Kafin ya kai rabi wani ya matso: "Ɗan'uwa, sam min ja biyu." Ya miƙa masa. Har zumunci kike ƙullawa tsakanin mutum biyu da tun safe ba wanda ya ci abin kirki a cikinsu.

Duk wannan hidima kuma kina yin ta ne bisa saɓa wa hukuma, saboda ƙaunar talaka. A watan Mayun 2015, saura kwanaki kaɗan ya bar mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita shan taba ta ƙasa. Dokar ta ce kada a sayar da ke sai cikin rufaffen kwali mai kara 20, kada a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kada a busa ki a wuraren taruwar jama'a. Da wata matsoraciya ce da tuni ta tattara nata ya nata. Ke ko gezau. Tsakanin teburin nan da kotunan Gyaɗi-Gyaɗi tafiyar ƙafa ce, amma kina fita ɗaya-ɗaya da rana tsaka. Daga 2021 aka tilasta a rufe aƙalla rabin kwali da hoton cutar da kike jawowa. Nan ma kin rufa wa talaka asiri, domin mai sayen kara biyu ba ya riƙe kwali, balle hoton ya ɓata masa rai. Gargaɗin Ma'aikatar Lafiya kuma da Turanci aka rubuta shi. Mai kuɗin kwali, mai ilimin boko, shi aka tsoratar. Lebura an bar shi da kwanciyar hankalinsa, har an ƙara masa da damar biyan fiye da abin da mai kuɗi ke biya, tunda kara 20 ɗaya-ɗaya sun fi kwali guda tsada. Haka ya saba a kan mai da sukari da omo. Da kin ware shi, da ya ji ba daɗi.

Sai riƙon amana, wanda a nan kam ba ki da na biyu. Dattawan unguwar nan sun san zamanin da kike ta manya. Akawu da sajan ɗin 'yan sanda da direban babbar mota da hedimasta su ne mutanenki. Kafin ke akwai taba gari da kanwa, akwai lofe, akwai furen da mata ke goga wa haƙori, amma waɗannan duk aka mayar da su kayan ƙauye. Ke kika zo a naɗe cikin farar takarda, daga mai basukur zuwa mai zobe, har kamfanin taba na Najeriya ya kafa miki masana'anta a Zariya a 1959. A wancan lokaci wanda ya ajiye kwalin Benson mai ruwan zinare a kan tebur ya gama gaya wa jama'a matsayinsa.

Sai 'yan tsegumi suka taso. A 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka wallafa cewa kina da hannu a sankarar huhu. Shekara ta zagayo suka fara bin diddigin likitoci maza fiye da dubu 34, aka yi shekara 50 ana ƙirga wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. A 2004 sakamako ya fito: wanda ya riƙe ki har ƙarshe yana rasa kimanin shekara goma daga rayuwarsa. To su wa suka fara gudunki? Likitocin da kansu, sai lauyoyi da manajoji da malaman jami'a, duk waɗanda kika ɗaga wa daraja. A 1974 kusan kashi 45 cikin 100 na manya a Birtaniya suna shan ki, yau ba su kai kashi 13 ba. Waɗanda suka rage miki a can su ne masu aikin ƙarfi, domin yawan mashaya a cikinsu ya ninka na masu aikin ofis fiye da sau biyu. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2006, kan Ingila da Amurka da Kanada da Poland, ya nuna fiye da rabin tazarar mutuwa tsakanin maza masu hali da maza matalauta aikinki ne. Wace ce ta taɓa tsayawa da talaka haka?

Da kasuwa ta fara mutuwa a can, ba ki yi fushi da 'yan Adam ba, kika waiwayo gare mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu amfani da taba yanzu suna ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin hali. A 2001 kamfanin British American Tobacco ya ƙulla yarjejeniyar zuba dala miliyan 150 da Gwamnatin Tarayya, a 2003 Shugaba Obasanjo ya buɗe masa katafariyar masana'anta a Ibadan. Aka yi ta tafi, masu zuba jari sun zo. A daidai shekarun nan ne masaƙu da sauran masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, ba wuta, ga kayan fasa-ƙwauri sun cika kasuwa. Magidantan da aka sallama suka dawo majalisa suka zauna. Ba su tarar da fansho ba, ba su tarar da wani aikin ba. Ke suka tarar. Abin da ya faru a Landan kuma shi yake faruwa a Kano. Alhaji, ranar da likita ya duba awon jininsa ya tamke fuska, ranar ya sake ki saki uku, ya koma tattaki da asuba da zuwa duba lafiya Masar ko Dubai. Talaka ba ya zuwa awo, saboda haka ba mai raba ku.

Kin kuma san yunwa, abin da manyan jami'an tattalin arziki suka kasa sani. Direban adaidaita ya fito tun duku-duku. Akwai kuɗin mai mashin da zai kai da yamma ko an samu ko ba a samu ba, ga tikiti, ga fetur, ga cefanen da ya bari rabi. Azahar ta yi, ciki ya fara kira. Kwanon shinkafa da wake zai ci abin da ya tara tun safe. Kara biyu da shayi ba madara sun fi araha, kuma cikin 'yan daƙiƙu sinadarin nikotin ya isa ƙwaƙwalwa, yunwa ta lafa, ido ya buɗe, ɓacin ran fasinja ya sauka. Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero, amma ke kin nuna za ki iya riƙe wa gero wuri har la'asar. Masu hassada za su ce natsuwar da kike bayarwa ta ƙarya ce, wai ƙuncin da kike cirewa ke ce kika dasa shi, da zarar nikotin ya ragu a jini sai jiki ya tashi da tsuma har sai an ƙara. Wato kamar maigidan haya da ya hau rufi ya ɓula kwano da hannunsa, ruwa ya sauko, ya ara maka bokiti, ya kuma karɓi kuɗin aro. To ai ko bokitin ma ba kowa ke ara wa talaka ba.

Duk waɗannan ƙananan alherai ne. Babban aikinki, wanda ya kamata manyan garin nan su yi karo-karo su gina miki gida a kansa, shi ne kin wanke su tas. A da, in aka tambayi dalilin da ya sa wani ke da gida bakwai wani kuma ke haya a ɗaki ɗaya da 'ya'ya bakwai, sai a yi ta kame-kame. Yanzu amsar tana kan leɓen talakan, tana hayaƙi. Alhaji yana bayan mota, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, an tsaya a cunkoson Dangi. Ya hango lebura a gindin gada yana zuƙa. Ya girgiza kai ya ce wa direbansa, "Ka gani ko? Su suke jawo wa kansu. Da kuɗin tabar nan yake tarawa, da yanzu ya yi gida." Direba ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe," alhali akwai kara ɗaya a aljihun rigarsa, kuma rabon da a ƙara masa albashi tun kafin a janye tallafi. Alhaji ya isa gida zuciyarsa fes. Laifi tudu ne, kuma ke ce kika tara masa tudun da ya taka.

Bari mu taya Alhaji lissafi, tunda ɗan kasuwa ne. A ce kara naira 50, a ce leburan yana shan goma a yini. Naira 500 ke nan kullum, 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Kuɗi ne masu ciwo. Abin da yake ƙonawa a wata ya haura kashi ɗaya cikin biyar na naira 71,000 da Gwamnatin Kano ta yanka a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, kuma lebura ko wannan albashin ba shi da shi. Kwanukan masara ne suka tashi a hayaƙi, da kuɗin littafi, da maganin zazzaɓin yaro. Ba mai ƙaunar talaka da zai ce wannan ba asara ba ce. Amma Alhaji gida ya ce. To a tara shekara goma cur, ba ciwo, ba suna, ba rasuwa, ba a taɓa ko kwabo ba. Naira miliyan 1 da dubu 825 ke nan. A ɗauka a tafi wurin dillalin filaye a Hotoro ko Darmanawa a ce fuloti ake so. In mai mutunci ne zai ba ka kujera da ruwan sanyi, ya yi maka addu'a. Kafin shekara goman ma su cika, faɗuwar naira ta riga ta yi wa asusun abin da ke ba ki kai ga yi ba.

Ga wani lissafin da kika taimaka aka binne. Binciken shan taba da aka yi a Najeriya a 2012 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya gano cewa maza goma ne cikin ɗari ke amfani da taba kowace iri, mata kuwa kusan ɗaya cikin ɗari. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma mafi yawansu a Arewa suke. To sauran fa, me suka sha? Bazawarar da ke tuyar awara a Daurawa da marayu biyar, wane kwali ta ƙona? Malamin firamaren da ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa, wanda ko warinki ba ya so? Almajirin da ke wanke kwanuka a Hausawa? Haka zancen yake ta ɓangaren arziki. Ban taɓa jin attajirin da aka tambaya sirrin dukiyarsa ya ce rashin shan sigari ba. A garin nan akwai wanda ubangidansa a Kwari ko Singa ko Dawanau ya yaye shi da jari bayan shekaru na amana da wahala, Allah ya sa albarka. Akwai wanda ya gada. Akwai kuma wanda takardar fili ta faɗo masa daga ofis, da wanda aka ba kwangilar da ba a yi ba, da wanda ya karɓi dala a farashin gwamnati ya kai ta kasuwar canji ta Wapa. Wasu daga cikin waɗannan har yau suna shan ki a bayan labule, arzikin kuma bai ragu ba. Albarkacinki, Hajiya, ba a zancen jari, ba a zancen makarantar da yara suka cika aji har ƙofa, ba a zancen rashin wutar da ya kashe Sharaɗa. Zancen hali ake yi, halin ma na talaka kaɗai.

Dubi kuma yadda kika gyara rabon dukiya. Addini ya ce a karɓa daga mawadata a mayar wa matalauta. Kika duba kika ga an bar mawadata ba mai tausaya musu, kika buɗe hanyar da ta juya. Naira 50 ɗin lebura ta tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi, mai tebur ya ɗan tsakuri abin da ba zai kai shi ko'ina ba, dila ya ɗauki nasa, sauran ta nufi kamfani, daga can ta haye teku zuwa ga masu hannun jari, domin hedikwatar British American Tobacco a Landan take. Ta haka ɗan dako a tashar Unguwa Uku yake tallafa wa fanshon wani dattijo a ƙasar da aka hana busa ki cikin gidan abinci tun 2007. Gwamnatinmu ma ta san girmanki, ba ta matsa miki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na farashin kwali. Mu a 2018 naira ɗaya tak aka ɗora a kan kowane kara, bayan kashi 20 da ake karɓa tun da.

An taɓa yi miki rashin kunya, ban manta ba. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, Gwamnatin Kano, kamar na Legas da Gombe, ta maka kamfanonin taba a kotu, tana neman kuɗin jinyar mutanenta, tana zarginsu da farautar ƙananan yara. Gwamnatin Tarayya ma ta shigar da tata ƙarar ta fiye da naira tiriliyan 5. Wataƙila sun hango Amurka ne, inda a 1998 jihohi 46 suka tilasta wa kamfanonin biyan dala biliyan 206 cikin shekara 25. Amma nan gida ne. Shekaru suka yi ta shuɗewa lauyoyi na gardama kan ko an miƙa sammaci yadda ya kamata. Yaron da aka haifa shekarar da aka shigar da ƙarar ya isa sayen ki yanzu bisa doka. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya ta ci reshen kamfanin na Najeriya tarar dala miliyan 110, aka yi sulhu. Washegari laita tana nan a jikin ƙusarta.

Kin kuma iya zaɓen maƙwabta. Nan kan titin Zariya ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, aka raɗa masa sunan mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan 'yancin talaka. Mutanenki ba sa wahalar kuɗin mota, daga tebur zuwa gado tafiya kaɗan ce. A nan kam, Hajiya, muryata tana rawa, domin masu kwana a kan tabarma a harabar asibiti maƙwabtanmu ne, tare muke sahu. Ga mace zaune da takardar magani a ninke cikin gefen mayafi, ta buɗe ta, ta mayar, ta sake buɗewa, ba don ta iya karantawa ba. Mijinta yana ciki, numfashi sai da tukunyar iska, ko ɓarin jiki ya shanye, ko an ce a yi hoton ƙirji an ga abin da ba a so. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita. An fara da keken ɗinkinta. Sai akuyar da ke ƙauye. Sai aka mayar wa mai adaidaita mashin ɗinsa, tunda ba mai ja. Babban yaron ya bar aji biyu na sakandare ya koma wankin mota, yarinyar aka ɗora mata talla. A nan ne kike yin talaucin gaske, ba a kan naira 500 ɗin Alhaji ba: a kan gadon asibiti, a kan magidanci ɗan shekara 45 da ya kamata ya ƙara shekara 20 yana ciyar da gida. Ciwon da mai hali zai biya ya warke ya koma kasuwa, shi ne yake mayar da gidan talaka baya har jikoki.

Ba ki kuma yi wa iyali rowa ba. Gidan Alhaji akwai falo, akwai baranda, akwai lambu. Ɗakin haya a Gyaɗi-Gyaɗi taga ɗaya ce, lokacin sanyi ma a toshe take da kwali. Hayaƙinki mai ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 a cikinsu masu jawo sankara, yana isa ga mai ciki da jariri da mai asma daidai wa daida, ba su biya ko sisi ba. Cikin mutum fiye da miliyan 7 da kike ɗauka a duniya duk shekara, sama da miliyan ɗaya ba su taɓa sa ki a baki ba.

Mutunci ma kin san a kan wa za ki zubar da shi. Fiye da shekara 400 malamai suna muhawara a kanki, tun zamanin Ahmad Baba na Tambutu wanda ya ga halaccinki. A Kano ta yau kuwa, inda 'yan Tijjaniyya suka daɗe da haramta wa kansu ke, da wuya ka sami malamin kowane ɓangare da zai yabe ki. Amma a kan wa hukuncin jama'a yake sauka? A kan mai baƙin leɓe da ke sha a bakin titi saboda ba shi da inda zai ɓuya. Shi ake hana wa aure in an zo bincike, shi ake matsawa a sahu, shi ake kira ɗan iska. Mai shigo da ke katan-katan yana sahun farko, ana kiran sa taron buɗe masallaci. 'Ya'yan masu hali kuma sun ce ke ta 'yan dako ce, suka koma wa ƙanwarki shisha mai ƙanshin tuffa da na'ana'a, ana zama a kewaye ta cikin ɗaki mai sanyi ana shaƙar hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau da yawa. An sayar da kare an sayi biri, kuma kuɗin duk gidanku suke shiga.

Dole in sanar da ke cewa maƙiya suna ƙulla miki. Suna cewa a ɗaga haraji har ki fi ƙarfin aljihun yaro, wai a Afirka ta Kudu an yi haka daga tsakiyar shekarun 1990 shan ki ya faɗi warwas, kuma talakawa ne suka fi dainawa. Suna cewa a aiwatar da dokar hana kara-kara, a bi dila da kamfani maimakon a kife teburin wanda jarinsa bai kai kuɗin taya ɗaya ta motar Alhaji ba. Suna so a sa mai taimaka wa masu son rabuwa da ke a kowane asibitin sha-ka-tafi na Tarauni, domin yawancin mashaya sun sha yunƙurin dainawa su kaɗai suna komowa. Suna so a shigar da lebura da direban adaidaita cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, a mayar da wuta Sharaɗa, mutum ya sami aikin da zai sa ya yi kwaɗayin ganin tsufansa. Kada ki damu, ranki ya daɗe. Duk waɗannan suna cin kuɗi, suna ɓata wa manya rai, kuma ba a yanka musu kintinkiri a gaban 'yan jarida.

Magada kuma ba za su yanke miki ba. Kina kashe kusan rabin waɗanda suka riƙe ki har ƙarshe, saboda haka kullum kina buƙatar sababbi, kuma mafi yawan mashaya tun suna samari suka fara. Unguwa ta ɗauke miki wannan nauyi kyauta. Babban yaya yana majalisa ana karta, ya ƙwalla wa ƙaninsa kira: "Kai, zo nan. Karɓo min London ɗaya, ka kunno ta wajen mai shayi." Sigari ba ta kamawa sai an ja, kuma in ba a ƙara ja a hanya ba za ta mutu kafin a iso. Yaron ya ja, ya ƙware, idonsa ya kawo ruwa, majalisa ta bushe da dariya. Aike na biyar ba zai ƙware ba. Shekararsa 12, kuma daga mai tebur har mai shayi har dattawan da suka wuce shi za su masallaci, ba wanda ya tambaye shi ɗan gidan wa ne.